Rasuwar Mai Lasifika Goma Sha Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ɓacin rai ma ya sami wuri ya raɓa a gefenta, injiniyan sautin nan da aka fi sani da Mai Kunne yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a motarsa aka hana shi ko tari, rasuwar na'urar sautin motar, wadda a gida ake kira Sha Tara saboda yawan lasifikokinta. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a cikin cunkoson motoci, daidai gaban wani kantin sayar da tayoyi. Ta rasu tana da shekara shida a duniya. Da farko an ɗauka mutuwar fuju'a ce. Daga baya bincike ya nuna cewa ta shekara biyu tana jinya, kuma kowa ya sani ban da mai ita.

Ga wanda bai san mai makokin ba, shekararsa talatin da ɗaya yana aiki a situdiyon ɗaukar waƙoƙi, kuma da kunnensa yake ci, da shi ya yi aure, da shi ya gina gida. Mawaƙi ba ya sakin waƙa sai ta bi ta kunnen nan. Har yau abokan aiki suna ba da labarin ranar da ya tsayar da ɗauka a tsakiya, ya ce yana jin kukan firji a cikin muryar mawaƙiya. Aka duba ɗakin kaf, babu firji. Ashe yana ofishin da ke maƙwabtaka da su, bayan bango biyu. Tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, har matarsa in ta so tsokana Mai Kunne take ce masa. Irin wannan mutum ba ya sayen mota don taya huɗu.

Marigayiya 'yar asali ce. Ba a bakin titi aka dasa ta ba, ba kuma wani mai wayarin ne ya harhaɗa ta da salatif ba. Daga masana'anta ta fito tare da motar, a matsayin ƙarin da ake biya daban ga mai son jin abu yadda yake. Kafin a kai ga zaɓenta, Mai Kunne ya yi wata huɗu yana zagayen wuraren sayar da manyan motoci da faifai guda a aljihun gaba. Dillalai sun gaji da shi. Za su buɗe masa injin, ya ce a rufe. Za su yi masa bayanin fatar kujera, ya ce a yi masa shiru. Abin da yake so kawai a rufe ƙofofi, a ɗaga gilasai, a kashe iyakwandishan, a bar shi da faifansa minti biyar, ko da gumi zai jiƙa kowa.

Faifan nan waƙa ɗaya ce a cikinsa, shi ya ɗauke ta da hannunsa tun yana saurayi. Muryar mace ce a sanyaye, da ganga mai zurfi a ƙarƙashinta. A minti na biyu da daƙiƙa goma sha ɗaya, akwai wata 'yar ƙaramar ƙararrawa da ake taɓawa sau ɗaya tak, ta ce ƙil, ta tafi. Wannan ƙararrawar ita ce jarrabawar.

Mota uku suka kai zagayen ƙarshe. Ta farko mai lasifika goma sha biyu ce, ganga kawai ta sani. Tana dukan ƙirji kamar maƙwabci mai gyaran rufin kwano, madubi na rawa, ƙararrawar kuwa ta nutse a cikin hayaniya ba a ji ɗuriyarta ba. Ta biyu mai goma sha huɗu ce, tsaf da ita, ba ta ƙari ba ta ragi, amma ya ce muryar daga wajen gwiwarsa take fitowa, shi kuwa bai taɓa ganin mawaƙiyar da ke rera waƙa a ƙarƙashin sitiyari ba. Ta uku ita ce marigayiya. Babba ɗaya mai gunji a but, wato ma'ajiyar kaya ta baya, goma sha ɗaya matsakaita a ƙofofi da dashbod da rufi, sai ƙanana bakwai masu siririyar murya, kowace ba ta fi murfin kwalba ba, an lulluɓe su da ragar ƙarfe mai sheƙi. Da aka sa faifan, mawaƙiyar ta zo ta zauna a kan dashbod, har numfashinta ana ji kafin ta ɗauki baiti. Da lokacin ya yi, ƙararrawar ta sauko daga can saman madubin dama, garau. Dillalin ya rantse ya ga ƙwalla a idon mai saye. Mai Kunne ya ce gumi ne.

An shaide ta da halaye na gari. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba sai an murɗa ta. Ko an ƙure ta ba ta karkarwa, ba ta shaƙewa. Idan aka kunna mota takan yi gaisuwa da sauti uku a jere, tin, tan, tun, a hankali, kamar mai ladabin da ya tarar da manya suna magana. Ta yi haƙuri da labaran rediyo, ta yi haƙuri da kiran waya, har da waƙoƙin da Auta, 'yarsa, take sawa idan ya kai ta jami'a, waɗanda ubanta yake cewa hayaniya ce aka yi wa rajista. Saboda ita aka kafa dokoki a motar: ba a buga ƙofa, ba a cin komai, ba a jingina gwiwa da raga, ba a magana daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta. Matarsa ta sha cewa ita dai a motar nan baƙuwa ce, masu gida suna cikin ƙofofi.

Ba za a kammala tarihin marigayiya ba sai an ambaci Lauya, aminin Mai Kunne tun suna makarantar firamare. Shi ne ya je ya sayi waccan mai goma sha huɗun, ba don komai ba sai don ya sami abin musu. Duk Asabar da hantsi yakan zo ya ajiye motarsa kusa da ta abokinsa a ƙofar gida, a shiga wannan a saurara, a fito a shiga waccan. In ƙararrawar ta kusa, Mai Kunne yakan rufe ido, ya ɗaga yatsa sama, ya riƙe shi a iska, sannan ya sauke shi daidai kan ƙil ɗin. Sai ya buɗe ido ya dubi Lauya.

“Ka ji ta? Daga sama ta fito. Taka daga ina take fitowa?”

Shekara huɗu Lauya yana musu. Ya ce tasa ta fi gaskiya, ta abokinsa kwalliya ce. Ya ce biyar ɗin da aka ƙara masa ado ne kawai. Har takardun kamfanonin ya taɓa kawowa ya baje a kan bonet kamar yana gaban alƙali. Sai kuma wata Asabar, shekara biyu da suka wuce, yatsa ya sauka, ido ya buɗe, Lauya ya daɗe yana kallon abokinsa, sannan ya ce, “Mutumina, na sallama. Taka ta fi.” Mai Kunne ya yi mako guda yana ba da labarin wannan nasara. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa ba me zai sa lauya ya ajiye shari'a ana tsaka da ita.

A wajen aiki ma marigayiya ta yi masa hidima, kuma a nan ne maganar take da nauyi. Al'adarsa ce in ya gama haɗa waƙa ya fito da ita mota ya saurara, don a mota mutane suka fi jin waƙa. To, cikin shekara biyun nan sai mawaƙa suka fara ƙorafi. Wannan ya ce aikin ya yi tsini, wancan ya ce yana sukar kunne kamar ana goga cokali a faranti. Mai Kunne ba ya jayayya da su. Yakan kama hannun mai ƙorafi ya kai shi mota, ya rufe ƙofa, ya sa masa waƙarsa. Sai ta fito sumul, babu tsini ko kaɗan. Mawaƙi ya ba da haƙuri, ya tafi. Amma ba ya dawowa da waƙa ta gaba. Ɗaya bayan ɗaya suka janye, har da waɗanda ya raina tun ba su san yadda ake tsayawa gaban makirufo ba. Shi kuwa ya ce 'yan zamani ne, kunnensu ya lalace da sauraron waƙa a waya.

Ranar Talatar ajali, tana cikin karanto labaran yamma sai ta yi wani tari, ƙarr, ƙarr. Babbar da ke but ta yi gunji guda mai tsawo wanda ya ji har a ƙashin bayansa, sannan ɗif. Ya kashe mota ya kunna a tsakiyar titi, na baya suna ta yi masa ham. Babu tin, babu tan, babu tun. Bai nufi gida ba, kai tsaye ya wuce da ita wurin wani dattijon mai wayarin motoci, mutum mai tabarau ɗaure da zare, wanda ba ya gaggawa ko gobara ake yi.

Washegari da safe aka buɗe ta, mai ita yana tsaye a kai. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mai wayarin ya ɗaga shimfiɗar but, ya ciro amfilifaya, wato akwatin da ke raba wa lasifikoki ƙarfi, ya kwance murfinsa. Ciki ya yi kore shar da tsatsa. Robar murfin but ce ta tsage ta gefe, ruwan sama yana ɗiga a kai tun ba yau ba.

“Yallaɓai, wannan ɓangaren jiya ya ƙone, ga ƙaurinsa ma,” in ji shi. Ya matsar da bakin sukudireba gefe. “Amma wannan, mai ba ƙananan nan bakwai wuta, ya daɗe da mutuwa. Dubi yadda ya ruɓe. Wannan ya ga damina biyu, in bai fi ba.”

“Ban gane ba. Wane bakwai?”

“Masu siririn sautin nan. Ai shekara biyu ke nan ko ƙis ba su ce ba. Ni mamaki ma nake yadda ka iya zama da ita haka, sauti kamar an lulluɓa masa bargo.”

Mai Kunne ya ce ƙarya ne. Ya ce Asabar ɗin nan da ta wuce ya ji ƙararrawa daga saman madubin dama, da kunnensa. Dattijon bai yi musu ba. Ya nemi faifan, ya sa a rediyon shagonsa, wata tsohuwa mai lasifika biyu da ke kan kanta tsakanin batura. Ya ce, “Juya baya, Yallaɓai, kada ka dubi agogon rediyon. Zan tsallaka in kamo waƙar daga tsakiya. In ka ji ƙararrawar ka ɗaga hannu.” Ya yi ta tsallake gaba da baya har lissafin ya ɓace wa mai saurare, ya rage muryar yadda baitin ba zai nuna masa inda aka kai ba. Mai Kunne ya tsaya yana fuskantar bango, ya kasa kunnen da ya ji firji a bayan bango biyu. Ya jira. Ya ƙara jira. Sai ya ji an kashe rediyo.

“Ta wuce, Yallaɓai. Sau biyu na maimaita maka ita.”

A nan ne ya gane abin da ya faru, kuma gara a faɗe shi a fili tunda sanarwa ce. Shekara biyu ba ƙararrawa yake ji ba, wurin da take ya haddace. Siririn sauti ya bar kunnensa a hankali, kamar yadda yake barin kunnen duk wanda ya shekara talatin a gaban manyan lasifikoki. Shi ya sa a situdiyo yake ta ƙara wa waƙoƙin mutane tsini don ya ji abin da ya saba ji. Mawaƙan nan gaskiya suka faɗa. Ita kuwa marigayiya, da yake nata masu tsinin sun mutu, sai ta haɗiye laifin ta fito da waƙa sumul, ta ba da shaidar zur a gaban masu gaskiya. Kurma biyu ne suka haɗu a mota ɗaya, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Ya dawo gida a tasi da akwatin a cinyarsa. Ya tarar da matarsa a falo tana ninke kayan wanki, Auta tana kwance a doguwar kujera da littafi. Ya ajiye akwatin a kan tebur, tsatsa ta zuba a kan gilashi.

“Tun yaushe kuka sani?”

Babu wadda ta ce me. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, da ba su ko tambayi abin da yake nufi ba. Matar ta ajiye rigar da ke hannunta.

“Baban Auta, tun ranar da butar shayi ta yi ta fito a kicin kana zaune kusa da ita kana karanta jarida. Ƙarar mota kuma Auta ce ta fara lura.”

“Baba, na so in faɗa maka,” in ji Auta. Ta tashi zaune. “Na ce maka sautin ya canza, ka ce kunnena ne waya ta ɓata. Daga nan ka ɗaga yatsa, ka yi murmushi. Wallahi na kasa.”

“Lauya fa?”

“Shi ya zo ya same ni a kicin,” in ji matar. “Ya ce mutumin da kunne ne sunansa, ba a gaya masa irin wannan a ƙofar gida. Ya ce a bi a hankali. Sau biyu ina karɓo maka ranar ganin likitan kunne, sau biyu ina fasawa.”

“A hankali,” in ji shi. “Shekara biyu kuna gyaɗa mini kai kamar ƙadangaru. Mawaƙana suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ina zaginsu a gabanku a kan teburin nan, kuna zuba mini shayi.”

Ta ce, “Tsoro muka ji kada ka karye.”

Ya ce, “Ai gara in karye a hannunku da in karye a shagon mai wayarin, ina fuskantar bango.”

Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. An ce ya buga ta, abin da bai taɓa bari a yi wa ta mota ba. Ya ji haushin matarsa, ya ji haushin 'yarsa, ya ji na Lauya ninki biyu, don nasarar da ya yi mako yana shela ashe sadaka aka ba shi. Amma haushin da ya fi ci masa rai na marigayiya ne. Mutane ko ba komai tausayi ya rufe musu baki. Ita fa? An zaɓe ta cikin uku don ta faɗi gaskiyar sauti, aikinta ke nan guda ɗaya. Da ta mutu gaba ɗaya tun ranar da ruwa ya fara shiga, da tuni an san inda aka kwana. Sai ta zaɓi ta mutu rabi, ta ci gaba da gaishe shi kowace safiya, tin, tan, tun, kamar lafiya lau.

Duk da haka an ce a faɗi alherin mamaci, kuma an faɗa a sama. Allah ya sani ta yi shekara huɗu na gaskiya, kuma waɗannan ba za a manta da su ba.

Marigayiya ta rasu ta bar lasifika goma sha biyu da ransu, marayu, suna zaune a ƙofofi ba mai ba su wuta. Ta bar ƙanana bakwai waɗanda mai wayarin ya ce lafiyarsu ƙalau, yunwa ce kawai ta rufe musu baki. Ta bar ragar ƙarfe mai sheƙi wadda har yanzu in ka gan ta sai ka rantse akwai magana a bayanta. Ta bar faifai guda, da kishiyar gasarta mai goma sha huɗu da ke gidan Lauya, wadda ake kyautata zaton ita ce da gaskiya tun shekara biyu. Ta kuma bar mawaƙa tara da aka kai su mota aka ƙaryata su. Mai makokin ya rubuta sunayensu a takarda, ya kira shida ya ba su haƙuri. Biyu ba su ɗauka ba. Ɗaya ta ɗauka, ta ce tana da sabuwar waƙa, in zai yarda wani ya zauna kusa da shi ya riƙa gaya masa in tsini ya yi yawa. Ya ce zai yi tunani, daga baya ya kira ta ya ce ta kawo.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, lokacin da aka saba gasa, a bayan shagon mai wayarin, inda ake tara ƙarafan da suka gama aiki. Lauya ne zai ɗauki akwatin, shi kaɗai, ba mai kama masa. Wannan ne hukuncin da aka yanke masa, kuma bai ɗaukaka ƙara ba. Ana roƙon dillalai da kada su zo da takardun sababbin na'urori, ko mai lasifika ashirin da biyar ce, don ba za a yi maganar magajiya ba sai bayan ranar Litinin. A ranar ce mai makokin zai ga likitan kunne da ƙarfe tara. Matarsa ce ta karɓo ranar, karo na uku, shi kuma ya karɓe takardar ya sa a aljihun gaba, inda faifan yake zama.

Za a zauna karɓar gaisuwa a cikin motar, a ƙofar gida, mutum uku uku. An ɗage dokar hana magana. Masu zuwa su ɗan ɗaga murya, kuma su fuskance shi in za su yi magana. Daga ƙarshe za a sa faifan sau ɗaya a motar Lauya. Mai makokin ya ce wannan karon hannunsa zai kasance a kan cinyarsa. In ƙararrawar ta zo, wanda ya ji ta shi zai ɗaga yatsa, don shi ma ya san ta wuce.